Cu Chi: Gundumar Biyetnam da ta jure ruwan bama-bamai, alƙalami ya soke ta

Cu Chi, wadda masu ita ke furtawa kamar "Ku Ci", tsohuwar gunduma ce ta karkara a ƙuryar arewa maso yammacin birnin Ho Chi Minh, wato tsohon Saigon, birni mafi girma a ƙasar Biyetnam. Faɗinta ya kai kimanin murabba'in kilomita 435, kuma ƙidayar shekarar 2019 ta sami mutum sama da 460,000 a cikinta, alhali a 2009 ba su wuce 343,000 da 'yan kai ba. Duniya ta san ta ne saboda ramukan ƙarƙashin ƙasa da mazaunanta suka haƙa suka yaƙi Faransa, daga baya kuma Amurka. Amma tun daga ranar 1 ga Yulin 2025 babu sauran wata hukuma mai suna Gundumar Cu Chi, domin a ranar ce Biyetnam ta soke matakin gunduma ɗungurungum daga tsarin mulkinta. Ƙasar tana nan, mutanen suna nan, sunan ma bai ɓace ba, sai dai ofishin da aka fara kafawa a 1957 an rufe shi.

Abu biyu ne suka juya tarihin wannan wuri tun farko: irin ƙasar da Allah Ya ba shi, da kuma kusancinsa da Saigon.

Shimfiɗar ƙasa da yanayi

Daga tsakiyar birnin Ho Chi Minh zuwa garin Cu Chi, inda hedikwatar gundumar take, tafiyar ba ta kai kilomita 40 ba, ta kan babbar hanya mai lamba 22. Wannan hanya ita ce ta ratsa gundumar ta wuce garin Trang Bang, ta kai mashigar Moc Bai da ke kan iyakar Kambodiya, kuma ita ce hanyar motocin da ke zirga-zirga tsakanin Ho Chi Minh da Phnom Penh. A gabas kogin Saigon ne ya yi wa gundumar iyaka, yana tafe yana lanƙwasa kamar maciji, a ƙetarensa kuwa ƙasar Binh Duong ce. A kudu akwai Hoc Mon, a yamma Duc Hoa, a arewa kuma Trang Bang.

Cu Chi mahaɗa ce tsakanin ƙasa iri biyu. Daga arewa da gabas tudu ne mai sauƙi wanda ya gangaro daga tsaunukan kudu maso gabashin ƙasar, daga kudu maso yamma kuma fadama ce da ke shiga yankin bakin kogin Mekong. Tudun ba wani tsayi gare shi ba, galibinsa mita 8 zuwa 10 ne kawai a saman teku, amma a yankin da ruwa ke kwance ko'ina wannan ɗan tsayin ba ƙaramin abu ba ne. Ƙasar tudun yumɓu ce mai haɗe da marmara. Da damina tana laushi har fartanya ta shige ta, da rani kuwa takan bushe ta yi tauri kamar bulo. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana da nisa, saiwoyin gora da na itatuwa kuma sun ɗaure samanta. Duk wanda ya san aikin haƙa rijiya ya san darajar irin wannan ƙasa: ana haƙa ta ba ta rufta ba, ba kuma sai an tokare ta da itace ba.

Fadamar kudu maso yamma, wajen magudanar Thay Cai, akasin haka take. Ƙasarta tsami gare ta, ruwa yakan kwanta a kanta, kuma sai an wanke ta da ruwan daɗi kafin shinkafa ta yi albarka. A bakin kogin Saigon kuma akwai laka mai ni'ima inda lambunan 'ya'yan itace suke, kuma har nan cikar teku da janyewarsa kan ɗaga ruwan kogin su sauke shi kullum.

Shekara kashi biyu ce, damina daga Mayu zuwa Nuwamba, rani daga Disamba zuwa Afrilu. Zafi yana tsayawa a wajen digiri 27 a matsakaici, ba sa kuma sanin hunturu irin na arewacin ƙasar.

Sunan wurin na itace ne. Cu chi wata bishiya ce da a da ta cika dazukan yankin, dangin ƙoƙiya ce, amma ƙwayar 'ya'yanta dafi ce mai kisa, ko da yake masu maganin gargajiya kan yi amfani da ita kaɗan-kaɗan.

Daga daji zuwa gonakin roba

Kafin ƙarni na 17 wannan yanki yana ƙarƙashin sarakunan Khmer na Kambodiya, kuma mafi yawansa kurmi ne. Biyetnamawa sun riƙa gangarowa daga tsakiyar ƙasar suna sare daji suna kafa ƙauyuka, har a 1698 sarakunan gidan Nguyen suka turo wani babban hafsa, Nguyen Huu Canh, ya kafa hukumar Gia Dinh, wadda ta haɗa da Saigon da kewayenta. Daga nan ne ƙasar da ta zama Cu Chi ta shiga littafin harajin Biyetnam.

Faransawa sun ci ganuwar Gia Dinh a Fabrairun 1859, yarjejeniyar 1862 kuma ta miƙa musu larduna uku na gabashin kudancin ƙasar. A zamaninsu Cu Chi ba gunduma ba ce, wani sashe ne na gundumar Hoc Mon a lardin Gia Dinh. Abin da suka gani a tudun shi ne ƙasar roba. A farkon ƙarni na 20 aka buɗe manyan gonakin roba a yankin, ciki har da gonar Filhol, wadda sunanta ya sake fitowa a taswirorin sojojin Amurka bayan shekaru da dama. Gonakin na Turawa ne, ƙwadagon na 'yan ƙasa, kuma a tsakanin leburorin roba da ƙananan manoma ne 'yan gwagwarmayar neman 'yanci suka sami masu saurarensu. Boren da Jam'iyyar Kwaminis ta tayar a kudancin ƙasar a Nuwamban 1940 ya yi ƙarfi ƙwarai a Hoc Mon, Faransawa kuma suka murƙushe shi da kisa mai yawa.

Bayan yarjejeniyar Jeneba ta 1954 ta raba Biyetnam gida biyu, gwamnatin Kudu ta Ngo Dinh Diem ta yanke Cu Chi daga Hoc Mon a 1957, ta mai da ita gunduma mai cin gashin kanta a ƙarƙashin lardin Binh Duong. A Oktoban 1963 aka sake yanka: aka ƙirƙiro sabon lardi mai suna Hau Nghia, aka ba shi rabin da ya riƙe sunan Cu Chi, ɗaya rabin kuma ya zama gundumar Phu Hoa a Binh Duong. Dalilin tsaro ne ya kawo wannan rabo, domin yankin ya riga ya zama ƙofar da mayaƙa ke bi daga dazukan iyakar Kambodiya zuwa Saigon. A takarda gwamnatin Saigon ce ke da iko. A zahiri kuwa ƙauyuka da yawa suna da hukuma biyu, ta rana da ta dare, kuma talaka yana biyan kowacce haƙƙinta.

Ramukan

An fara haƙa ramukan ne a ƙarshen shekarun 1940, a ƙauyukan Tan Phu Trung da Phuoc Vinh An, lokacin yaƙin Viet Minh da Faransa. Da fari ba su wuce maɓoya ba, inda za a ɓoye mutum ko takardu ko bindiga idan sojoji sun shigo sintiri. Sannu a hankali maƙwabci ya haɗa nasa da na maƙwabci, ƙauye ya haɗa da ƙauye. Bayan an kafa Ƙungiyar 'Yantar da Kudancin Biyetnam a Disamban 1960, wadda Amurkawa suka fi kira Viet Cong, aikin ya zama na gayya, aka raba wa kowane ƙauye nasa tsawon da zai haƙa. Hukumomin Biyetnam suna ƙiyasta cewa a lokacin da ramukan suka kai maƙura tsawonsu ya kai kilomita 250.

Da ƙaramar fartanya da kwandon gora aka yi wannan aiki, galibi da dare. Babbar matsalar ita ce inda za a kai ƙasar da aka fitar, don tarin sabuwar ƙasa yana tona asiri ga jirgin leƙen asiri. Sai a watsa ta a gonakin shinkafa, ko a zuba a kogi, ko a cike ramin da bam ya haƙa. A wurare da dama ramukan hawa uku ne: na sama kimanin mita 3 daga doron ƙasa, na tsakiya wajen mita 6, na can ƙasa kuma daga mita 8 zuwa sama da 10. Hanyar ƙunci gare ta, sai mutum ya sunkuya ko ya yi rarrafe, kuma ba ta miƙewa sak, an lanƙwasa ta da gangan domin rage ƙarfin fashewa da hana harsashi tafiya mai nisa. Tsakanin hawa da hawa akwai murafu, mashigar iska kuma an ɓoye ta a cikin abin da ya yi kama da suri. A ciki akwai ɗakunan taro, rumbunan abinci, rijiyoyi, maƙera da wuraren jinya. Hatta murhu an yi masa dabara: ana bi da hayaƙin ta dogayen kafofi har ya huce, ya fita can nesa a ƙasa-ƙasa kamar hazon asuba. Wannan murhu sunan wani kukun soja, Hoang Cam, yake ɗauke da shi.

Bai kamata a ɗauka rayuwa ce mai daɗi ba. Iska ba ta isa, duhu ne dare da rana, ga kunamu da macizai da cinnaku. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki sun addabi kusan kowa, kuma idan shinkafa ta yanke sai rogo. A cikin wannan hali ne shugabannin jam'iyya na shiyyar Saigon da Gia Dinh suka kafa sansaninsu a dajin Ho Bo da ke arewacin gundumar. Cikinsu har da Vo Van Kiet, wanda ya zama Firaministan Biyetnam daga 1991 zuwa 1997.

Amurka ta gane muhimmancin yankin da wuri. A Janairun 1966 sojojinta da na Ostireliya kimanin 8,000 suka kai farmakin da suka kira Crimp a dajin Ho Bo, kuma a nan ne injiniyoyin sojan Ostireliya suka fara kutsawa cikin ramukan suka gano girmansu. A farkon wannan shekara Runduna ta 25 ta sojan ƙasa na Amurka ta kafa babban sansani a Dong Du, dab da garin Cu Chi, ba tare da sanin cewa wani sashe na ramukan yana ƙarƙashin ƙafafunta ba. An ɗauki lokaci ana harbin sojoji da dare daga cikin shingen sansanin kafin a gano inda maharan ke fitowa. Daga nan aka fara zaɓen sojoji masu ƙaramin jiki, a ba mutum tocila da ƙaramar bindiga ya shiga ramin shi kaɗai. Su ne aka yi wa laƙabi da ɓerayen rami.

A Janairun 1967 aka kai farmakin Cedar Falls da soja kimanin 30,000, wanda ya haɗa da Ho Bo da gonar Filhol da kuma yankin da ke ƙetaren kogi wanda Amurkawa suka kira Kusurwar Ƙarfe. An kwashe mutanen garin Ben Suc da ƙauyukan kewayensa, kusan 6,000, aka rushe garin. An tura katafiloli suka tumɓuke daji, jirage suka yi feshin sinadarin kashe ganye, aka kuma ayyana faɗin ƙasa mai yawa a matsayin wurin da duk abin da ya motsa za a harbe shi. An gwada hayaƙi mai sa hawaye, an gwada tura ruwa, an gwada karnuka. Duk da haka, shekara ɗaya bayan wannan farmaki, Cu Chi na cikin wuraren da mayaƙa suka taru suka afka wa Saigon a harin sabuwar shekarar Tet ta 1968.

Abin da ya karya ramukan a ƙarshe shi ne jiragen B-52. Daga 1969 suka yi ta zubar da bama-bamai masu nutsewa cikin ƙasa kafin su fashe, suka rusa sassa da yawa. A lokacin kuwa harin Tet ya riga ya cinye mayaƙan yankin masu yawa, yaƙin kuma ya koma hannun rundunonin da suka zo daga Arewa. Amurkawa sun miƙa sansanin Dong Du ga sojojin Kudu a ƙarshen 1970. Ranar 29 ga Afrilun 1975 sojojin Arewa suka ci sansanin, kashegari Saigon ta faɗi.

Tun a 1967 ɓangaren 'yan gwagwarmaya ya yi wa gundumar kirari da "ƙasar ƙarfe, ganuwar tagulla", kuma har gobe ana rubuta wannan kirari a allunan hukuma. Kuɗin da aka biya kafin a same shi ba kaɗan ba ne. Hukumomi suna lissafa 'yan gundumar sama da 10,000 da suka mutu a fagen fama. Wata tsohuwa 'yar Phuoc Hiep, Nguyen Thi Ranh, ta rasa 'ya'ya maza takwas da jikoki biyu, yau kuma akwai titi mai sunanta a Cu Chi. A Ben Duoc an gina haikalin tunawa, aka buɗe shi a Disamban 1995, an sassaƙa sunaye sama da 44,000 a bangonsa na waɗanda suka faɗi a yankin Saigon da Gia Dinh. Sunayen ɓangaren da ya yi nasara ne. 'Yan yankin da suka mutu sanye da kakin sojan Kudu, da fararen hular da ba su ɗauki bindiga ba, ba su da irin wannan bango, kuma a ƙauyuka da yawa gida ɗaya ya yi rashi ta kowane ɓangare.

Bayan yaƙi

Sabuwar gwamnati ta mai da Cu Chi da Phu Hoa gunduma ɗaya kamar da, ta haɗa ta da birnin Saigon, wanda aka sauya wa suna zuwa Ho Chi Minh a Yulin 1976. Waɗanda suka dawo gida sun tarar da ƙasa ƙwal, ramin bam a ko'ina, ga nakiyoyin da ba su fashe ba suna jiran garma. Shekarun farko na gonakin gama-kai ba su kawo ƙoshi ba.

Ruwa ne ya fara sauya al'amarin. Tsakanin 1981 da 1985 aka gina madatsar Dau Tieng a saman kogin Saigon, wadda ke ɗaukar ruwa kimanin kubik mita biliyan 1.5. Bankin Duniya ya sa hannu a aikin da rancen dala miliyan 60 da ya amince da shi a 1978, kuma bai sake ba Biyetnam rance ba sai a 1993. Daga wannan madatsa aka jawo Magudanar Gabas ta shigo Cu Chi, tudun da a da ake nomansa sau ɗaya a shekara ya koma ana nomansa rani da damina. Wannan ya zo daidai da sauyin tattalin arziki na Doi Moi da aka fara a 1986, da kuma shawarar 1988 da ta mai da gona hannun iyali. Ɗaya daga cikin jagororin wannan sauyi ɗan Cu Chi ne: Phan Van Khai, haifaffen Tan Thong Hoi, Firaminista daga 1997 zuwa 2006, wanda a 2005 ya zama shugaban gwamnatin Biyetnam na farko da ya ziyarci fadar White House tun bayan yaƙin. A mahaifarsa ya rasu a Maris na 2018, a can kuma aka binne shi.

Manoman Cu Chi sun fahimci cewa arzikinsu yana bakin mutanen birni. Sai suka koma ga abin da birni ke saye kullum: kayan lambu, furannin ado, kifin ado, naman shanu, da madara. Gundumar ta zama cibiyar kiwon shanun madara ta birnin, galibi a hannun ƙananan makiyaya masu 'yan shanu a bayan gida, suna kai madarar wuraren tattarawa na kamfanoni irin su Vinamilk da FrieslandCampina, wato kamfanin nan na ƙasar Holan da ke yin madarar Peak a Najeriya. A 'yan shekarun nan garken yana raguwa, saboda tsadar abincin dabbobi da kuma yadda filin ciyawa ke komawa fuloti. Ƙauyen Phu Hoa Dong ya shahara da banh trang, wata irin waina ta garin shinkafa, siririya kamar takarda, wadda ake shanyawa a rana a kan asabarin gora, ana kuma fitar da ita ƙasashen waje. Thai My kuwa saƙar kwanduna da faifan gora ce sana'arsu.

Masana'antu sun biyo hanya mai lamba 22. Akwai rukunonin masana'antu a Tan Phu Trung da Tay Bac Cu Chi, inda kamfanin Unilever ke da babbar masana'anta, kuma su ne suka jawo baƙin ma'aikata daga wasu larduna har yawan jama'a ya ƙaru da sama da 100,000 a cikin shekara goma. Kusanci da birni yana da nasa nauyin. A Phuoc Hiep ne aka kafa ɗaya daga cikin manyan wuraren zubar da sharar birnin, mazauna kewayen kuma sun daɗe suna kuka da wari da gurɓatar ruwa. Da annobar korona ta ɓulla, a Cu Chi birnin ya buɗe asibitin wucin gadi na farko, a Fabrairun 2020. Gundumar ta zama bayan gidan birni, inda ake kai abin da ba a son gani a zaure.

Ramukan su ma sun zama hanyar samun kuɗi. An buɗe wurare biyu ga masu yawon buɗe ido, Ben Dinh da Ben Duoc, na biyun yana da nisan kusan kilomita 70 daga tsakiyar birni. An faɗaɗa wasu sassan don baƙi masu jiki su iya wucewa, akwai filin harbi inda baƙo ke sayen harsashi ya gwada bindigogin zamanin yaƙin, a ƙarshe kuma a ba shi dafaffen rogo da gishiri da dakakkiyar gyaɗa. A 2015 gwamnati ta sa ramukan cikin wuraren tarihi na musamman na ƙasa, birnin kuma yana neman hukumar UNESCO ta amince da su. Filin harbin dai, a kusa da inda dubban mutane suka mutu, abu ne da ba kowane baƙo ke jin daɗinsa ba.

Tsarin mulki da sauyin 2025

Har zuwa tsakiyar 2025 mulkin cikin gida a Biyetnam hawa uku ne: lardi ko babban birni, sai gunduma, sai ƙaramin yanki da ake kira xa, wato tarin ƙauyuka a ƙarƙashin hukuma ɗaya. Cu Chi tana da irin waɗannan ƙananan yankuna 20, da gari ɗaya. A kowane hawa akwai Majalisar Jama'a, wadda ake zaɓa duk shekara biyar, da Kwamitin Jama'a, wanda majalisar ke naɗawa ya gudanar da aikin yau da kullum. A gefensu, ko kuma a ce a samansu, akwai kwamitin Jam'iyyar Kwaminis, kuma sakatarensa shi ne mai faɗa a ji, tunda ƙasar jam'iyya ɗaya ce, 'yan takara kuma sai Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasa ta tantance su. Ko a 2021, lokacin da aka soke majalisun gundumomin cikin birnin Ho Chi Minh, na karkara irin su Cu Chi an bar musu nasu. A ƙasa da xa akwai ƙauyuka masu zaɓen mai unguwarsu, amma ba a lissafa su a matakan gwamnati.

Aikin da ya fi haɗa talaka da ofishin gunduma shi ne maganar fili. A dokar Biyetnam ƙasa ta al'umma ce baki ɗaya, gwamnati ke riƙe da ita a madadinsu, abin da mutum ke mallaka shi ne haƙƙin amfani, wanda ake rubutawa a takardar shaida da jama'a ke kira jan littafi. Mai karatu a Najeriya zai ga kamanni da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa filaye amana a hannun gwamnoni. Matsalolin ma sun yi kama. A 2004 birnin ya ware sama da hekta 450 a An Nhon Tay da Phu My Hung domin gina gandun namun daji, aka karɓi gonakin ɗaruruwan iyalai, amma shekaru suka shuɗe ba a gina shi ba, rigimar diyya kuma ta kai har ga Babban Sufeton Gwamnati. A 2022, da aka yi ta raɗe-raɗin za a ɗaga darajar gundumar zuwa birni, farashin filaye ya yi tashin gwauron zabo, dillalai suka cika ƙauyuka, daga bisani kasuwar ta kwanta ta bar wasu da fuloti a hannu.

Maimakon ɗaga darajar, sai soke ta aka yi. Bayan To Lam ya zama Babban Sakataren jam'iyya a Agustan 2024, ya sa rage yawan hukumomi da kuɗin tafiyar da su a gaba. A Maris na 2025 aka fara da rushe rundunonin 'yan sanda na gundumomi. A watan Yuni Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta rage larduna da manyan birane daga 63 zuwa 34, ta kuma gyara kundin tsarin mulki na 2013. Gundumomi 696 suka daina aiki, ƙananan yankuna suka ragu daga sama da 10,000 zuwa 3,321. Hujjar gwamnati ita ce gunduma ta zama 'yar tsakani mai jinkirta takarda, gara a ba na ƙasa iko kai tsaye.

An narkar da yankuna 21 na Cu Chi zuwa bakwai, waɗanda yanzu ke amsa umarni daga birnin ba tare da wani a tsakani ba: Cu Chi, Tan An Hoi, Thai My, An Nhon Tay, Nhuan Duc, Phu Hoa Dong da Binh My. Kowannensu yana da cibiyar karɓar takardun jama'a, kuma ayyuka da dama da a da sai an je gunduma, har da bayar da jan littafi karo na farko ga ɗaiɗaikun mutane, sun sauko hannun shugaban yankin. Kotunan gunduma kuma an maye gurbinsu da kotunan shiyya. Ko ƙananan ofisoshin suna da ƙwararrun ma'aikatan da za su ɗauki wannan kaya, musamman a harkar safiyo da tsara gari, nan ne za a auna sauyin.

Taswirar maƙwabta ma ta sauya. Lardin Binh Duong, wanda Cu Chi ta fara zama gunduma a ƙarƙashinsa a 1957, an haɗe shi da birnin Ho Chi Minh tare da Ba Ria-Vung Tau, birnin ya koma mai mutum kusan miliyan 14, kogin Saigon kuma ya daina zama iyakar lardi a wannan sashe. Long An ta shiga Tay Ninh, don haka Duc Hoa da Trang Bang, abokan zaman Cu Chi a tsohon lardin Hau Nghia, sun sake haɗuwa a lardi ɗaya. Hanyar zobe ta uku ta birnin, wadda aka fara ginawa a Yunin 2023, ta ratsa ta Cu Chi, kuma daga kanta ne aka tsara sabuwar babbar hanya mai tsawon kimanin kilomita 50 za ta tashi zuwa iyakar Moc Bai.

Ga ɗan kasuwar da ke mu'amala da wata masana'anta a yankin, adireshin da ke kan tsofaffin takardu ya tsufa, don yanzu sunan yanki ake rubutawa sai na birni, babu gunduma a tsakani. A kuma lura da wani abu mai rikitarwa: tsohon garin Cu Chi, inda hedikwatar gundumar take, ya faɗa cikin yankin Tan An Hoi, shi kuwa sabon yankin da ya gaji sunan Cu Chi an haɗa shi ne daga Tan Thong Hoi, Tan Phu Trung da Phuoc Vinh An, biyun ƙarshen su ne ƙauyukan da aka fara haƙa ramukan a cikinsu.